Bidiyon tsutsar sauro ya ƙi buɗuwa a ImageJ

Maman Hanifa, Jidda: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Don Allah masu harkar kwamfuta a taimaka, yau kwana uku abu ɗaya ya hana ni sakat. Aikin digirina na biyu a kan tsutsar sauron nan ne mai yaɗa zazzaɓin dengi, Aedes aegypti, wanda Jidda ke fama da shi tun 1994. Nakan zuba tsutsa goma a faranti, in ɗiga magani, in ɗauki bidiyon minti goma da wayata don a ga yadda motsinsu ke raguwa. Bidiyo 42 ne a hannuna yanzu. Mushrif, wato malamin da ke duba aikina, ya ce in warware kowanne ya koma hotuna a jere, in auna da ImageJ, manhajar auna abubuwa a hoto. Na sauke ImageJ ɗin, na jawo bidiyo na jefa mata, ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Na sake, haka dai. Kuma ranar Lahadi yake son ganin sakamakon farko.

Auta, Madina: Wa alaikumus salam Anti. Ai abu ne mai sauƙi. Ki buɗe da VLC, ki tsayar da bidiyon, ki ɗauki hoto, ki danna harafin E ya matsa firam ɗaya, wato hoto ɗaya na cikin bidiyon, ki sake ɗauka. Ko kuma akwai shafukan intanet da ake loda musu bidiyo su dawo da hotuna kyauta.

Injiniya Bashir, Dahran: Auta, Allah ya shirye ka. Ka yi lissafi kuwa? Waya tana ɗaukar firam 30 a daƙiƙa. Minti goma daƙiƙa 600 ne, firam 18,000 ke nan a bidiyo ɗaya. Sau 42 ya kama 756,000. Ko da Hajiya za ta riƙa danna E sau ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba sha ba barci, sai ta yi kusan kwana tara. Batun loda aikin da ba a wallafa ba a shafin da ba ka san mai shi ba kuwa, kada ma mushrif ɗinta ya ji.

Auta, Madina: Na janye, Injiniya. Ni dama shari'a nake karanta.

Injiniya Bashir, Dahran: Hajiya, laifin ba naki ba ne. A cikin nau'o'in bidiyo, ImageJ tana buɗe AVI ne kawai, shi ma wanda ba a matse ba ko wanda aka matse da JPEG ko PNG. Bidiyon waya kuwa MP4 ne ko MOV, an matse shi da H.264 ko HEVC. Irin wannan matsewar ba ta ajiye kowane firam cikakke. Sai ta ajiye ɗaya cikakke, na bayansa kuma ta rubuta abin da ya canza kawai. Dole a samu mai warware shi tukuna. Ki sauke FFmpeg, kyauta ce, tun shekarar 2000 ake aiki da ita, kuma kusan duk manhajojin da ake tallatawa na sauya bidiyo ita ce a cikinsu. Ki yi folda mai suna faranti01, ki buɗe baƙin allon rubuta umarni, ki rubuta:

ffmpeg -i faranti01.mp4 -vf fps=5,format=gray faranti01/f_%05d.png

Wannan zai fitar miki da hoto biyar a kowace daƙiƙa, baƙi da fari, da lamba mai sifili a gaba don kada jerin ya rikice. A ImageJ sai ki bi File, Import, Image Sequence, ki nuna mata foldar.

Maman Hanifa, Jidda: Na gode Injiniya, Allah ya saka. Amma baƙin allon nan ni tsoronsa nake ji. Kuma me ya sa biyar? Ba asara ba ce in zubar da 25 a kowace daƙiƙa?

Dakta Zainab, Suwal: Maman Hanifa, in baƙin allo ne ba kya so, ki bar ImageJ tsagwaronta ki sauke Fiji. ImageJ ɗin ce dai, an haɗa mata kayan aikinta tun daga gida. A cikin Help, Update, akwai wurin ƙara ma'ajin sabuntawa, ki zaɓi FFMPEG, ki rufe ki sake buɗewa, za ki ga Movie a ƙarƙashin Import. Amma gaskiya ni ina bayan Injiniya. Bidiyo 42 layin nan guda ɗaya ya fi miki sauƙi, sunan fayil kawai za ki riƙa canzawa.

Batun biyar kuma, kwamfutarki ce za ta amsa miki. Firam ɗaya na 1920 da 1080 ɗigo miliyan biyu ne da ɗoriya. Baƙi da fari kusan MB 2, mai launi ya haura MB 6. Ki ninka da 18,000, mai launi ya wuce GB 100 daga bidiyo ɗaya tak. Da biyar a daƙiƙa kuwa firam 3,000 ne, kusan GB 6. Shi ma ki tabbata kin sa alama a Use virtual stack lokacin buɗewa, don ta riƙa karantowa daga faifai ɗaya bayan ɗaya maimakon ta haɗiye duka. RAM nawa gare ki?

Maman Hanifa, Jidda: GB 8 ce Dakta, kuma Hanifa ta cika ta da katun.

Dakta Zainab, Suwal: To kin gani. Kuma ki yanke gefen hoton, faranti kawai ake buƙata, ba tebur da kofin shayi ba.

Dakta Lawal, Hufuf: Salamu alaikum. Ni ban yarda a ce biyar kai tsaye ba. Yawan firam ya danganta da saurin abin da ake bi da kuma tambayar da ake yi. Ni likitan dabbobi ne, aikina a kan, a yi mini afuwa da kalmar, maniyyin raƙumi ne. Ba na sauka ƙasa da firam 50 zuwa 60 a daƙiƙa, don in ka rage, hanyar da ƙwayar ta bi a karkace sai ta fito miƙaƙƙiya, saurin ya ragu a lissafi alhali bai ragu a zahiri ba. Na raƙumi ma da nasa rigimar, kauri gare shi kamar yauƙin kuɓewa, sai ya saki kafin su fara tafiya gaba sosai. Tsutsar sauro ita ma ba tafiya take yi ba, fizga take yi, ta lanƙwashe ta miƙe. In ƙidaya fizgar ake so, biyar ta yi kaɗan.

Injiniya Bashir, Dahran: Wannan gaskiya ne Dakta. Hajiya, me mushrif yake so takamaimai? Nisan da kowace ta yi, ko yawan fizga, ko kawai motsi ya ragu ko bai ragu ba?

Maman Hanifa, Jidda: Cewa ya yi yana son ya ga lokacin da motsi ya faɗi zuwa rabi a kowane ƙarfin magani.

Dakta Lawal, Hufuf: To biyar ta isa har da saura. Na sauka daga kan raƙumina.

Alhaji Mai Kilishi, Riyad: Salamu alaikum 'yan uwa, sabon kilishi da yajin ƙuli sun iso daga gida, mai so ya yi magana ta gefe.

Shugaban zaure: Alhaji, ranar talla Juma'a ce. A ci gaba.

Baba Alhaji, Makka: Ina ta karantawa ina murmushi. 'Yata Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Ni shekara talatin da wani abu na yi a ɗakin gwaje-gwaje kafin in ajiye aiki. Zamaninmu kamarar talabijin ake ɗaurawa a kan maikiroskof, a ɗauka a kaset na VHS, sannan a haɗa na'urar kaset da wani kati da ake sokawa cikin kwamfuta, shi ke cafko firam ɗin. Manhajar ita ce NIH Image, a kan Macintosh kaɗai take aiki, Wayne Rasband ne ya rubuta ta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka. Shi ne kuma ya fito da ImageJ a 1997, aka huta da neman Macintosh. Kamarorin lokacin rabi-rabi suke ɗaukar firam, layukan mara sannan na cika, in abu yana gudu sai gefensa ya fito kamar haƙoran matsefi. Wannan ya wuce, Allah ya raka taki gona.

Amma abin da nake son tambaya, ba wanda ya tambaya. Bidiyon nan yaya aka yi ya taso daga waya ya shiga kwamfuta?

Maman Hanifa, Jidda: Ina wuni Baba. Wasu da igiyar caji na kwafe. Wasu kuma, ranakun da na manta igiyar a gida, turo wa kaina na yi ta manhajar hira, na sauke a kwamfuta.

Baba Alhaji, Makka: Abin da na ji tsoro ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Manhajojin hira matse bidiyo suke yi kafin ya tafi, su rage girmansa, su goge ƙananan abubuwa. Fuskar amarya ba ta damu ba, amma tsutsar da ba ta kai santimita ɗaya ba, a cikin ruwa, ita ce ƙaramin abin da za a goge. Na asali suna nan a wayar?

Maman Hanifa, Jidda: Innalillahi. Bari in duba. Na goge wasu da waya ta cika.

Injiniya Bashir, Dahran: Tunda Baba ya buɗe wannan babin, akwai na biyu da ya fi shi ɓoyuwa. Waya ba ta cika alƙawarin 30 a daƙiƙa. In haske ya yi ƙasa ko ta ɗau zafi, sai ta rage ba tare da ta gaya miki ba, tazarar da ke tsakanin firam ta daina zama iri ɗaya. Ido ba ya gani, don kowane firam na ɗauke da lokacinsa a rubuce, mai kunna bidiyo yana bi. Amma in aka zazzage firam duka aka ce kowanne kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa ne, lissafin lokaci ya karkace, kuma ke lokaci ne kayan aikinki. Ki sauke MediaInfo, ki jefa mata bidiyo ɗaya, ki duba Frame rate mode. In ta ce Variable, to shi ne.

Daɗin abin, layin da na ba ki ya riga ya magance wannan. Shi fps=5 ba ƙidaya firam yake yi yana tsallake shida-shida ba, agogon cikin bidiyon yake bi, ya ɗauko firam ɗin da ya dace da kowane kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Shi ya sa na fi son a rage tun a FFmpeg, maimakon a buɗe duka a Fiji sannan a rage da Reduce, don Reduce ƙidaya kawai ta sani.

Dakta Zainab, Suwal: Wannan ban taɓa lura da shi ba, kamarorinmu na lab ba sa haka. Na ƙaru.

Ɗan Mai Wurno, Riyad: Ya jama'a, salam. Ni da Python da OpenCV nake rubuta wa kwamfuta umarni, layi ashirin ya gama komai har da lissafin. In ana so in turo. Amma ba shi ya sa na yi magana ba. 'Yar uwa, kafin ki taɓa komai, kwafe na asali wuri biyu. Ni a Wad Madani ta Sudan na yi aikin ƙwarin auduga. Hotuna na shekara biyu suna cikin kwamfuta ɗaya a lab, kullum ina cewa gobe zan kwafe. Disamba 2023 faɗa ya iso garin, na fita da kayan jikina da waya. Abin da ya tsira shi ne wanda na taɓa tura wa wani abokina a Sinnar. Faifan waje na TB 1 ko 2 bai kai kuɗin wata ɗaya na wahalarki ba.

Baba Alhaji, Makka: Allah ya mayar da alheri ɗana, ya zaunar da Sudan lafiya.

Maman Hanifa, Jidda: Amin. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Yau ɗin nan zan sa Baban Hanifa ya biya titin Falasɗin ya sayo faifai.

Na duba. Talatin da uku na asali suna nan. Tara babu, sai na manhajar hira. Kuma MediaInfo ta ce Variable, Injiniya kamar kana wurin. Na gwada layin a bidiyo ɗaya, alhamdulillah ya buɗu a Fiji, har na yi kabbara Hanifa ta firgita. Sai dai wani abu: in ina jan sandar ƙasa hotuna suna wucewa, akwai wasu layuka masu duhu da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar igiyar ruwa. A waya ban taɓa kula da su ba.

Baba Alhaji, Makka: Ruwa ba ya tsami banza. Wace fitila ce a saman teburin, kuma a ina aka sayi wayar?

Maman Hanifa, Jidda: Dogon ƙwai ne na silin, Baba. Wayar kuma a Kano na saye ta, a Farm Centre, da na je hutu.

Injiniya Bashir, Dahran: Baba ya kama ɓarawon. Wutar lantarkin Saudiyya zagaye 60 take yi a daƙiƙa, ta Najeriya da ta Sudan 50. Fitila tana ƙyaftawa sau biyu a kowane zagaye, wato sau 120 a daƙiƙa a nan, sau 100 a gida. Kamarar waya kuma ba lokaci ɗaya take karanta hoto ba, layi-layi take bi daga sama, shi ya sa wani layi ya samu haske wani ya samu duhu. Yawancin wayoyi suna gane wutar da kansu su daidaita, amma ba kullum suke dacewa ba, wasu kuma an saita su a kan 50. A ɗauka ta gaba ki sa saurin rufe idon kamara a 1/60 ko 1/120 na daƙiƙa. In Android ce, Open Camera kyauta ce, tana bari ki kulle haske da saitin nisa da launi. In iPhone ce ki kashe Auto FPS a saitin kamara, ki danna allo ki riƙe har ta kulle.

Dakta Lawal, Hufuf: Mafi sauƙi ma a rabu da fitilar silin gaba ɗaya. Akwai allon haske na masu zane, siriri kamar littafi, mai aiki da USB. Ki jona shi da batirin cajin waya, ki ƙure haskensa, ki ɗora faranti a kai, ki kifa kwali mai rami a sama don wayar. Haske daga ƙasa, tsutsa ta fito baƙa ƙirin a kan fari, ba inuwa, ba ƙyallin ruwa. Na ce a ƙure haske ne don wasu allunan in an rage su ƙyaftawa suke yi. In ya yi yawa ki shimfiɗa farar takarda biyu. Kwalin kuma zai tare iskar AC, ita ma tana kaɗa ruwa, kwamfuta ta ɗauka motsi ne.

In da kuɗi a aikin, ni da na ce a bar waya, a sayi kamarar USB ta lab a tuƙa ta da Micro-Manager. Daga ɗakin binciken Ron Vale a San Faransisko ta fito, a kan ImageJ aka gina ta, kyauta ce. Za ki ce mata hoto ɗaya kowace milidaƙiƙa 200, sau 3,000, ta ajiye su TIFF kai tsaye, kowanne da lokacinsa, ba matsewa ba warwarewa. Har kamarar kwamfuta ta gama-gari tana karɓa ta hanyar OpenCVgrabber. Tun ran gini ran zane.

Dakta Zainab, Suwal: Dakta, mu ma ita muke amfani da ita, amma kada mu ɗora wa baiwar Allah sabon karatu saura kwana biyar. Kuma in ta canza kamara a tsakiyar aiki, 33 ɗin da take da su ba za su yi daidai da sababbin ba, masu jarrabawa za su tambaya. Ta ƙarasa da wayar, ta gyara haske kawai, ta rubuta a babin hanyoyin aiki cewa ta gyara.

Maman Hanifa, bari in zo kan aunawa. Abu biyu kafin komai. Na farko, ki ja layi daga bakin faranti zuwa baki, ki shiga Analyze, Set Scale, ki rubuta faɗinsa. Ana ce masa na milimita 90, amma ki auna cikinsa da rula da kanki. Kowane bidiyo sai kin sake, don ba lallai tsayin wayar ya zama ɗaya ba kullum. Na biyu, Image, Properties, ki gaya mata 3,000 ɗin nan lokaci ne ba zurfi ba, tazara daƙiƙa 0.2. Fiji in ta buɗe jerin hotuna ɗauka take yi yankakken nama ne ake leƙawa sama zuwa ƙasa.

Da zan ce TrackMate, ta Jean-Yves Tinevez na cibiyar Pasteur, tana cikin Fiji, tana bin kowane ɗigo ta ba ki nisa da sauri. Sai dai tsutsa goma a faranti ɗaya haɗuwa suke yi su rabu, musamman a gefe, ita kuma sai ta musanya su, ta ba wa wannan hanyar waccan. Tunda mushrif motsin gaba ɗaya yake so, ki cire kowane firam daga na bayansa da Image Calculator, zaɓin Difference. Abin da bai motsa ba ya zama baƙi, abin da ya motsa ya yi haske. Ki sa iyaka da Threshold, ki ƙidaya ɗigon da suka haskaka a kowane firam, ki zana shi da lokaci. Layin zai sauko da kansa yayin da magani ke aiki.

Ɗan Mai Wurno, Riyad: Tamam, haka nake yi nima. Amma wata hanyar ta fi tsabta: a ɗauko matsakaicin dukkan firam da Z Project, Median, ya zama hoton faranti ba tsutsa, sai a cire shi daga kowanne.

Baba Alhaji, Makka: Ɗana, wannan tana da rami. Tsutsar da magani ya kashe a minti na biyu, ta kwanta wuri ɗaya minti takwas, Median zai ɗauke ta a matsayin jikin faranti. In aka cire, ta ɓace daga inda take kwance, kuma a minti biyun farko sai fatalwarta ta bayyana a wurin tun ba ta iso ba. Wanda yake son wannan hanyar, ya ɗauki faranti da ruwa kawai kafin ya zuba tsutsa. Mu da haka muke yi, dole ce ta koya mana.

Ɗan Mai Wurno, Riyad: Wallahi Baba gaskiya. Ƙwarina ba sa mutuwa a gaban kamara, shi ya sa ban gamu da shi ba.

Maman Hanifa, Jidda: Ban taɓa ɗaukar faranti ba tsutsa ba, Baba. To hanyar Dakta Zainab ke nan. Amma layukan fitilar nan fa? Su ma ai motsi suke yi.

Dakta Zainab, Suwal: Sosai, kuma za su shiga lissafi in iyakar ta yi ƙasa. Sa'arki ɗaya, layukan faɗi gare su kuma ba su da kaifi, tsutsa kuwa siririya ce mai duhu. Ki gwada Process, Subtract Background tukuna, ki sa alama a Light background, yakan share irin wannan. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki zana akwati a wurin da babu tsutsa ko ɗaya, ki ƙidaya. In ya ba ki kusan sifili, iyakarki ta yi. Kuma iyaka ɗaya za ki riƙe wa duka bidiyoyin, kada ki riƙa gyara ta har sai sakamako ya yi miki daɗi. Ki kunna Plugins, Macros, Record kafin ki fara na farko, duk abin da kika danna za ta rubuta, sauran sai ta maimaita da kanta kina girki.

Dakta Lawal, Hufuf: Ƙarin guda. Tsutsar Aedes in inuwa ta gifta ko aka taɓa tebur, nutsewa take yi ta bazama. Daƙiƙun farko bayan kin ɗiga magani hannunki suke gudu, ba maganin ba. Ki duba farantan da ba magani, za ki ga tsalle a farkon layi. Ko dai ki yanke wannan ɓangaren a duka daidai wa daida, ko ki nuna shi ki yi bayani. A FFmpeg, -ss 30 kafin -i yana tsallake daƙiƙa talatin na farko.

Auta, Madina: Tambaya daga ɗan shari'a. Ƙanena a gida yana sakandare, malaminsu ya ce su auna faɗuwar ƙwallo da bidiyo. Duk wannan zai bi?

Injiniya Bashir, Dahran: A'a. Ya sauke Tracker, ta Douglas Brown, don ɗaliban fiziks aka yi ta, tana buɗe MP4 kai tsaye. Ya tsayar da sanda mai tsawon mita ɗaya a gefen ƙwallon, ya kafa wayar kada ya riƙe a hannu. Masu wasanni kuma Kinovea suke amfani da ita.

Maman Hanifa, Jidda: Salamu alaikum, an tashi lafiya? Ga rahoto. Jiya bayan Isha na zauna har ƙarfe biyu. Na gama shida, biyu ba magani, huɗu da magani. Layin yana saukowa kamar yadda Dakta Zainab ta ce, na mafi ƙarfin magani ya faɗi warwas, na ba magani kuma yana nan yana hawa da sauka har ƙarshe. Tsallen farko da Dakta Lawal ya faɗa yana nan a duka shidan. Wani abu ya ɗan ba ni wahala, na sa wa folda suna da Larabci, umarnin da na naɗa ya ƙi ganin ta, da na mayar da sunan boko ba tazara sai ya wuce.

Na gwada ɗaya daga cikin taran nan na manhajar hira don in gani da idona. Baba, kun yi gaskiya. Hoton ya kasu murabba'i-murabba'i, kuma duk bayan 'yan daƙiƙu sai faranti gaba ɗaya ya yi tsalle a lissafi kamar dukkansu sun motsa tare.

Injiniya Bashir, Dahran: Cikakken firam ɗin nan ne da na ce miki ana sakawa lokaci-lokaci. Duk sanda ya zo hoton ya sabunta gaba ɗaya, sai ya fito a matsayin motsi. A na asali ma yana nan, ƙarami ne dai bai kai iyakarki ba.

Baba Alhaji, Makka: Taran nan ki sake su 'yata, kada ki yi musu kwaskwarima. Kuma ki gaya wa mushrif da bakinki kafin ya gano. Akwai sauran tsutsa?

Maman Hanifa, Jidda: Akwai ƙwai a takarda, Baba, in na jiƙa yau cikin mako ɗaya sun kai girman da nake so. Sai dai in na sake tara da sabon haske, dole in haɗa da nasu farantan ba magani, ko Dakta?

Dakta Zainab, Suwal: Dole. Kowace rana da nata. Allon hasken kada ki saya, ina da ɗaya a ajiye. Ranar Asabar zan shigo Jidda cefane, in kina gida bayan La'asar sai in kawo miki, mu duba umarnin da kika naɗa tare.

Maman Hanifa, Jidda: Ina gida Dakta, Allah ya kawo ki lafiya. Zan dama fura. Alhaji Mai Kilishi, tunda gobe Juma'a ce, a ajiye mini na riyal hamsin.